Ƙwayoyin T da sankarar huhu: yadda garkuwar jiki ke yaƙi da cutar, da yadda cutar ke kuɓuce mata

Sankarar huhu, wadda wasu ke kira kansar huhu ko ciwon dajin huhu, ita ce sankarar da ta fi kashe mutane a duniya. Alƙaluman cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, sun nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai kimanin mutum miliyan 2 da rabi ne suka kamu da ita, ta kuma yi ajalin kimanin miliyan 1 da dubu 800. An daɗe likitoci na tunkarar ta da makamai uku: tiyata, gashi da na'ura, da magungunan kashe ƙwayoyin sankara da ake kira kemo, ko shimiyo a bakin masu jin Faransanci. Daga shekarar 2015 aka samu wani makami wanda ba sankarar yake hara kai tsaye ba. Aikinsa shi ne ya sakar wa wasu dakarun jikin majinyaci mara su yi yaƙin da kansu. Waɗannan dakaru su ne ƙwayoyin T.

Mene ne ƙwayoyin T?

Ƙwayoyin T wani rukuni ne na fararen ƙwayoyin jini. A ɓargo ake ƙirƙirar su, daga nan su wuce zuwa wata ƴar ƙaramar halitta da ke bayan ƙashin ƙirji, a saman zuciya, mai suna timus. Harafin farko na wannan suna ne ya ba su laƙabin T. Masana sun jima ba su san amfanin timus ba, har zuwa 1961 lokacin da Jacques Miller, haifaffen birnin Nis na Faransa da ke aiki a Landan, ya nuna cewa ɓeran da aka cire wa ita tun yana jariri yakan tashi da raunin garkuwar jiki.

Timus makaranta ce mai tsananin jarrabawa. Ƙwayar da ba ta iya gane komai ba takan mutu a nan, haka ma wadda ta nuna alamar za ta far wa jikin mai ita. Fiye da kashi 90 cikin 100 ba sa fitowa da rai. Waɗanda suka tsira sukan shiga jini, su riƙa zagayawa tsakanin saifa da ƙulluttan nan na wuya, hamata da matsematsi, waɗanda kumburinsu ke zama kaluluwa. Timus tana fara motsewa bayan balaga, shi ya sa tsoho ba ya samar da sababbin ƙwayoyin T kamar yaro.

Iri uku ne suka fi muhimmanci a batun sankara. Na farko su ne masu kisa, waɗanda ake kira CD8. Na biyu su ne mataimaka, wato CD4, masu tsara yaƙin da kiran sauran dakaru. Wannan suna ba baƙo ba ne ga mai bibiyar batun cutar sida, domin su ne ƙwayar cutar ke karyawa, kuma su ake ƙirgawa a gwajin CD4. Na uku su ne masu tsawatarwa, waɗanda ke kwantar da sauran don kada yaƙi ya wuce gona da iri. Masanin Japan Shimon Sakaguchi ne ya fayyace su a 1995, aikin da ya sa ya raba kyautar Nobel ta 2025 da Mary Brunkow da Fred Ramsdell.

Yadda suke gane ƙwayar sankara

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana baje ƴan gutsattsarin furotin ɗin da take ƙerawa a kan fatarta, bisa wani faranti da masana ke kira HLA. Likitan Faransa Jean Dausset na cikin waɗanda suka gano wannan tsari, ya kuma samu kyautar Nobel a 1980. Ƙwayar T tana wucewa tana duba farantin. Idan abin da ke kai na gida ne, sai ta yi gaba. Idan baƙo ne, kamar gutsuren ƙwayar cuta ko furotin da ya lalace, sai ta tsaya.

Sankara tana farawa ne daga kurakurai a rubutun gado da ke cikin ƙwayar halitta, wato DNA. Kuskuren kan sa ƙwayar ta riƙa hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, amma kuma yakan sa ta ƙera furotin mai baƙuwar siffa. Wannan baƙuwar siffa ita ce ke tona mata asiri. Wasu ƙwayoyi masu aikin leƙen asiri sukan tsinci gutsuren, su kai shi ƙullutun da ke kusa, su nuna wa ƙwayoyin T. Wadda gutsuren ya dace da ita sai ta hayayyafa ta zama dubbai, su bi jini zuwa inda ƙarin yake. Da ƙwayar CD8 ta manne wa ƙwayar sankara sai ta huda ta da wani furotin mai suna farforin, ta zuba mata sinadaran da ke sa ta kashe kanta, sannan ta sake ta ta nufi ta gaba.

Tunanin cewa jiki na sintiri a kan sankara ba sabo ba ne. Paul Ehrlich na Jamus ya kawo shi a 1909, Macfarlane Burnet da Lewis Thomas suka faɗaɗa shi a ƙarshen shekarun 1950. A farkon shekarun 2000 Robert Schreiber da abokan aikinsa a Amurka suka kasa lamarin mataki uku. Da fari garkuwa takan kawar da ƙwayoyin da suka lalace. Sai a shiga zaman doya da manja, inda sankarar ba ta mutu ba kuma ba ta yaɗu ba. A ƙarshe ƙwayoyin da suka fi iya ɓuya su yi rinjaye. Ƙarin da likita ke gani a hoton ƙirji wanda ya riga ya kai mataki na uku ne.

Abin da ya bambanta huhu

Sankarar huhu kashi biyu ce. Mai ƙananan ƙwayoyi ta kai kimanin kashi 15 cikin 100, tana saurin yaɗuwa, kuma kusan duk masu ita mashaya taba ne. Sauran kashi 85 ana haɗa su a rukunin da ba na ƙananan ƙwayoyi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shan taba ne ke haddasa kimanin kashi 85 cikin 100 na cutar. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo sankara. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa shan kwalin sigari ɗaya kullum na tsawon shekara yana ƙara kurakurai kimanin 150 a rubutun gadon kowace ƙwayar huhu. Sauran dalilai sun haɗa da shaƙar hayaƙin tabar wani, gurɓatacciyar iskar birane, hayaƙin girki a rufaffen ɗaki, ƙurar asbestos, da iskar radon da ke taruwa a ramukan haƙar ma'adinai irin su yuraniyom.

Wannan yawan kurakurai ya sa sankarar huhu ta mashaya taba tana cikin sankarorin da suka fi baƙuwar siffa a idon ƙwayoyin T. Ke nan akwai abin da garkuwa za ta kama. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa majinyatan da aka tarar da ƙwayoyin CD8 masu yawa a cikin ƙarinsu sun fi daɗewa a raye. A 2008 ayarin Marie-Caroline Dieu-Nosjean a Paris ya gano cewa a wasu majinyata garkuwar jiki takan kafa ƙananan sansanoni a gefen ƙarin huhu, inda ake horar da ƙwayoyin T nan take, kuma masu irin waɗannan sansanoni sun fi samun sauƙi bayan tiyata.

Dabarun da sankara ke kuɓuta da su

Dabara ta farko ita ce ɓoye faranti. Idan ƙwayar sankara ta daina baje gutsattsarinta, ƙwayar T ba ta da abin dubawa. Wani babban bincike na Birtaniya mai suna TRACERx, ƙarƙashin jagorancin Charles Swanton, ya ba da rahoto a 2017 cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na sankarar huhu da ba ta ƙananan ƙwayoyi ba ta zubar da wani sashe na tsarin HLA ɗinta.

Ta biyu ita ce taka birki. Kowace ƙwayar T tana da birki a jikinta, wanda Allah ya halitta don kada ta lalata lafiyayyen nama bayan an gama yaƙi da cuta. Biyu daga ciki sun fi shahara: CTLA-4, wanda ke aiki tun a matakin horarwa, da PD-1, wanda ke aiki a fagen daga. Ƙwayoyin sankara da yawa sukan lulluɓe kansu da wani furotin mai suna PD-L1. Da ya taɓa PD-1 sai ƙwayar T ta yi sanyi, ko da kuwa ta gane abokin gaba.

Ta uku ita ce sayen ƴan gida, domin da ɗan gari akan ci gari. Ƙarin yakan fitar da sinadarai masu janyo ƙwayoyin T masu tsawatarwa da wasu fararen ƙwayoyin jini, su zo su hana masu kisa aiki. Yakan kuma cinye sukari da iskar da ke wurin, ya kewaye kansa da tauraren nama mai wuyar ketawa.

Ta huɗu ita ce gajiyarwa. Ƙwayar T da ta shafe watanni tana fuskantar abokin gaba ɗaya takan gaji: birkinta ya yawaita, ƙarfin kisanta ya ragu. Saboda haka likitoci ke kasa ƙari gida uku. Akwai mai zafi, wanda ƙwayoyin T suka shiga cikinsa amma aka danne su. Akwai wanda suka tsaya a bakin iyakarsa suka kasa shiga. Akwai kuma mai sanyi, wanda ba su ma zo ba. Sabon maganin ya fi aiki a kan na farko.

Yadda aka gano maganin sakin birki

A 1987 aka gano CTLA-4 a ɗakin binciken Pierre Golstein da ke birnin Marsey na Faransa. A 1992 Tasuku Honjo ya gano PD-1 a jami'ar Kiyoto ta Japan. A 1996 James Allison na Amurka ya nuna cewa idan aka toshe CTLA-4 a jikin ɓera, garkuwarsa takan narkar da ƙari. Allison da Honjo sun raba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2018.

Magungunan da aka samar daga wannan aiki furotin ne da ake ƙerawa a masana'anta. Sukan shiga tsakanin birki da abin da ke taka shi. Na farko, ipilimumab, an amince da shi a Amurka a 2011 don sankarar fata. A sankarar huhu kuwa, an amince da nivolumab a watan Maris na 2015, sai pembrolizumab a watan Oktoba na shekarar. Waɗannan biyu PD-1 suke toshewa. Atezolizumab da durvalumab kuma PD-L1 suke toshewa. Galibi ta jijiya ake ba da su kamar ƙarin ruwa. Pembrolizumab, alal misali, ana yin sa duk mako 3 ko mako 6, yawanci har zuwa shekara 2.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A majinyatan da cutarsu ta yaɗu kuma kemo ya riga ya gaza, kimanin kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka ba nivolumab suna raye bayan shekara 5, alhali a waɗanda aka ci gaba da ba kemo abin bai kai kashi 3 ba.

Gwajin KEYNOTE-024 ya ɗauki majinyata 305 da cutarsu ta yaɗu, waɗanda aƙalla rabin ƙwayoyin ƙarinsu ke ɗauke da PD-L1. Bayan shekara 5, kimanin kashi 32 cikin 100 na waɗanda aka fara wa da pembrolizumab suna raye, a ɓangaren kemo kuwa kimanin kashi 16.

Gwajin PACIFIC ya duba waɗanda cutarsu ba ta fita daga ƙirji ba amma tiyata ba za ta yiwu ba. An ba su durvalumab bayan kemo da gashi. Masu rai bayan shekara 5 sun kai kimanin kashi 43, a ɗaya ɓangaren kuma 33.

Gwajin CheckMate 816 ya haɗa nivolumab da kemo kafin tiyata. A kashi 24 cikin 100 na majinyatan ba a tarar da ƙwayar sankara mai rai ko ɗaya a naman da aka cire ba. A waɗanda aka ba kemo kaɗai kashi 2 ne kacal.

A sankara mai ƙananan ƙwayoyi ribar ba ta kai haka ba. Ƙara atezolizumab a kan kemo ya ɗaga matsakaicin tsawon rai daga kimanin wata 10 zuwa wata 12.

Waɗannan alƙaluma suna faɗin abu biyu. Cutar da a da ba a cika wuce shekara ɗaya da ita ba idan ta yaɗu, yanzu wasu na shekara 5 ko fiye, domin ƙwayoyin T suna da tunawa, sukan ci gaba da sintiri bayan an daina maganin. Amma har yanzu mafi yawan masu cutar da ta yaɗu ba sa samun wannan dogon sauƙi.

Wa maganin ke yi wa aiki?

Kafin a fara, likita yakan ciro ɗan gutsuren nama daga ƙarin a duba shi a ɗakin gwaji. Ana auna yawan PD-L1: ƙasa da kashi 1, tsakanin 1 da 49, ko 50 zuwa sama. Mai kashi 50 zuwa sama ana iya ba shi maganin shi kaɗai. Sauran akan haɗa musu da kemo, wanda ke fasa ƙwayoyin sankara ya fallasa gutsattsarinsu ga garkuwa. Gwajin ba ya yanke hukunci ɗari bisa ɗari, domin akwai mai PD-L1 da yawa da maganin bai yi wa aiki ba, akwai kuma marar shi da ya amfana.

Ana kuma neman wasu sauye-sauye na musamman, musamman EGFR da ALK, waɗanda suka fi yawa a mutanen da ba su taɓa shan taba ba. Irin wannan sankara kurakuranta kaɗan ne, ƙwayoyin T ba sa ganin ta sosai, kuma maganin sakin birki bai cika yi mata aiki ba. Tana da nata ƙwayoyin sha, irin su osimertinib. A wani bincike na 2015 an ga cewa ƙarin da ya fi yawan kurakurai, irin na mashaya taba, ya fi jin pembrolizumab. Wannan ba albishir ba ne ga mai shan taba, tunda tabar ce ta kawo cutar tun farko.

Hanji ma yana da ta cewa. A 2018 ayarin Laurence Zitvogel na cibiyar Gustave Roussy da ke kusa da Paris ya ba da rahoton cewa majinyatan da suka sha maganin kashe bakteriya dab da fara wannan magani ba su amfana da shi kamar sauran ba. Ana danganta hakan da rushewar bakteriya masu amfani da ke zaune a hanji. Darasi ne ga duk mai sayen irin waɗannan magunguna a kasuwa ba tare da takardar likita ba.

Illolin maganin

Kowane allazi da nasa amanu. Birkin da aka saki shi ne ke kare lafiyayyen nama, don haka ƙwayoyin T kan iya juyawa kan jikin mai su. Abin da aka fi gani shi ne kasala, ƙaiƙayi, ƙuraje, da rikicewar halittar wuya mai suna tayirod. Waɗanda suka fi haɗari su ne kumburin hanji mai kawo gudawa, kumburin hanta, kumburin huhu mai kawo sabon tari da haki, da kumburin tsokar zuciya wanda ba kasafai ake samu ba. Illar na iya bayyana ko bayan watanni da daina maganin. Idan an kai rahoto da wuri akan shawo kanta ta hanyar dakatar da maganin da ba da magungunan rage kumburi irin su kotizon.

Mai cutar da garkuwa ke cin jiki, da wanda aka yi wa dashen ƙoda, suna buƙatar taka-tsantsan na musamman. Ana duba ciwon hanta nau'in B kafin a fara, kuma an samu rahotannin tarin fuka da ya farfaɗo a wasu majinyata. Masu ɗauke da ƙwayar cutar sida sun fi sauran jama'a haɗarin kamuwa da sankarar huhu, amma bincike ya nuna cewa waɗanda ke shan maganinsu a kai a kai za su iya karɓar wannan magani.

Hanyoyin da ake kan gwadawa

A watan Mayu na 2024 Amurka ta amince da tarlatamab don sankara mai ƙananan ƙwayoyi. Shi hannu biyu gare shi: ɗaya ya riƙe ƙwayar sankara, ɗaya ya riƙe ƙwayar T, ya haɗa su gaba da gaba. Akwai kuma dabarar ciro ƙwayoyin T daga cikin ƙarin majinyaci, a hayayyafa su zuwa biliyoyi a ɗakin gwaji, a mayar masa. Steven Rosenberg ne ya fara ta a shekarun 1980, an amince da ita don sankarar fata a 2024, ana kuma gwada ta a huhu. Dabarar sauya wa ƙwayoyin T rubutun gado, wato CAR-T, ta yi nasara a sankarar jini tun 2017, amma a huhu ba ta wuce matakin gwaji ba. Haka ma allurar da ake haɗa wa kowane majinyaci daidai da kurakuran ƙarinsa.

Tsada, da matsalar gano cutar a makare

A Amurka farashin allura ɗaya ta pembrolizumab, wanda ake sayarwa da sunan Keytruda, ya haura dala dubu 10. A watan Satumba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin muhimman magunguna don sankarar huhu da ta yaɗu, kuma babban haƙƙin mallakarsa zai fara ƙarewa a 2028, abin da zai buɗe ƙofa ga kamfanoni masu yin kwatankwacinsa da araha. Sai dai magani kaɗai bai isa ba. Ana buƙatar na'urar sikana, ƙwararrun masu duba nama, gwajin PD-L1 da na EGFR, da likitocin da za su iya kula da illoli.

A ƙasashen Sahel akwai ƙarin matsala: alamomin sankarar huhu sun yi kama da na tarin fuka. Tari, kaki mai jini, ramewa da ciwon ƙirji duk na kowa ne a cikinsu. Majinyaci kan shafe watanni yana shan maganin tarin fuka kafin a gane ba shi ba ne, cutar kuwa tana ta yaɗuwa. Duk wanda tarinsa ya wuce mako 2 zuwa 3 ya je asibiti. Idan gwajin kaki bai nuna tarin fuka ba, ko an sha magani babu sauƙi, musamman ga wanda ya manyanta kuma ya taɓa shan taba, ya dace a nemi hoton ƙirji da ƙarin bincike. A Nijar, cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara da ke Yamai ta fara aikin gashi a 2021 da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya.

A kuma yi hattara da masu tallar jiƙo ko ƙwayoyin da suke cewa suna ƙara garkuwar jiki har su warkar da sankara. Matsalar ba ƙarancin ƙarfin garkuwa ba ce kawai, dabarun ɓuya da taka birki ne, kuma babu wani jiƙo da aka tabbatar yana warware su. Abin da aka tabbatar yana kare huhu shi ne barin taba da shisha, da nisantar hayaƙi. A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya daina shan taba, bayan shekara 10 haɗarin kamuwarsa da sankarar huhu yakan ragu zuwa kusan rabin na wanda ya ci gaba da sha.